Yadda na duba kanun tsaron shafinmu na intanet har muka fita daga maki F

Ina aiki ne da wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta a Jos wadda ke koya wa matasa sana'o'in hannu, kuma da yake ni ne na fi kowa sabawa da kwamfuta a ofis, kula da shafinmu na intanet ya rataya a wuyana. An gina shafin da WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet, a kansa matasa ke cike fom ɗin rajista, su sa suna da lambar waya da hoton fasfo, sannan su biya kuɗin fom. Wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da yatsu ke ƙin taɓa allon kwamfuta, Hajiya shugabarmu ta kira ni ofishinta ta miƙo mini takardar tambayoyi daga masu ba mu tallafi. Ta nuna wani layi da biro ta ce, "Ɗana, wannan kai za ka amsa shi, ni ban gane abin da suke nufi ba." Layin yana tambaya ne ko mun duba kanun tsaro na HTTP na shafinmu da manhajar bincike, da irin makin da muka samu, kuma a haɗo da hoton sakamakon. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, ai shafinmu yana da alamar kwaɗo, adireshinmu da https yake farawa." A zuciyata na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai daga baya na fahimci cewa kwaɗon yana nuna abu ɗaya ne kawai, wato hanyar da ke tsakanin mai ziyara da sabar, kwamfutar da ke ajiye shafin, a rufe take, kuma saboda mutane suna yi masa irin fahimtar da na yi ne ma Chrome ya cire alamar a 2023.

Kafin in ci gaba, gara in bayyana abin da ake nufi da kanun, domin shi ne ya fara rikita ni. Duk lokacin da burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, ta nemi shafi, sabar ba ta turo rubutu da hotuna kai tsaye, sai ta fara da wasu 'yan layuka waɗanda mai karatu ba ya gani. Kamar dai yadda idan za ka aika kaya ta tashar Bauchi Road kake rubutawa a jikin kwali cewa ƙwai ne, kada a ɗora masa komai, kuma a miƙa shi ga wane kaɗai. Layukan nan su ne kanu, wasunsu kuma umarni ne na tsaro ga burauza: kada ki buɗe wannan shafi ta hanyar da ba a rufe ba, kada ki bari wani shafi ya saka shi a cikinsa, kada ki karɓi rubutun JavaScript, wato umarnin da ke gudana a cikin shafi, daga inda ban amince ba. Idan sabar ba ta faɗi komai ba, burauza tana yin sassauci, kuma ta wannan sassaucin ne masu kutse ke samun ƙofa.

Da yammacin ranar na buɗe securityheaders.com, wanda Scott Helme, wani masanin tsaron intanet ɗan Birtaniya, ya ƙirƙira. Ba a biyan ko kwabo, ba a kuma buƙatar rajista. Akwai wuri ɗaya na rubuta adireshi, da ƙananan akwatuna biyu a ƙasa, ɗaya na ɓoye sakamako ɗaya kuma na bin adireshin idan ya tura ka wani wuri. Ban kula da na farkon ba, alhali idan ba a latsa shi ba adireshin shafinka yana iya bayyana a jerin waɗanda aka duba kwanan nan, tare da makinsa, kowa na gani. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba sai ga katon harafin F a cikin jan fili. A ƙarƙashinsa an jera sunaye shida, dukkansu da jan launi: Strict-Transport-Security, Content-Security-Policy, X-Frame-Options, X-Content-Type-Options, Referrer-Policy da Permissions-Policy. Can ƙasa kuma na ga wani layi mai suna X-Powered-By yana sanar da duniya ainihin samfurin PHP, harshen da WordPress ke gudana da shi, da sabarmu ke amfani da shi. Gabana ya faɗi ƙwarai, domin abin da ya zo mini a rai shi ne hotuna da lambobin wayar yaran mutane da ke hannunmu amana.

Don in tabbatar ba manhajar ce ta yi kuskure ba, na gwada ta biyu, wato HTTP Observatory ta Mozilla, wadda aka fara a 2016 kuma yanzu tana shafin MDN, inda Mozilla ke ajiye bayanai don masu gina shafuka. Ita tana farawa ne da maki 100, sai ta riƙa ragewa: rashin Content-Security-Policy kaɗai yana cin maki 25, rashin Strict-Transport-Security yana cin 20. A nan ma mun faɗi warwas. Bayan sallar isha'i na kira wani yayana na unguwa da ke aikin kula da sabobi a Abuja. Na ce, "Yaya, an yi mana kutse ne?" Ya ce in kwantar da hankalina, F ba ta nufin an shiga shafin, tana nufin ba mu ba burauza umarnin kare masu ziyara ba. Ya sa na buɗe baƙar tagar umarni a kwamfutata na rubuta curl -I sannan adireshinmu, sai ga layukan nan a fili, su ne dai abin da manhajojin biyu suka karanta. Ganin haka ya rage mini tsoro, saboda na gane cewa manhajar ba wani sihiri take yi ba, tana neman shafin ne kamar kowane baƙo, ta duba abin da aka amsa mata, ta gwada shi da jerin da ke hannunta. Kafin mu yi sallama ya gargaɗe ni cewa in riƙa ƙara kanun ɗaya bayan ɗaya. Na ji gargaɗin, amma ban riƙe shi ba.

Washegari na aika takardar neman taimako ga kamfanin da ke ajiye mana shafi. Kwana uku ina leƙa imel safe da yamma kafin amsa ta zo. Sun ce tsarin da muke kai na haɗaka ne, wato shafuka da yawa a sabar ɗaya, don haka ba za su taɓa babban tsarin sabar saboda mu ba, amma muna iya sa kanun da kanmu a fayil ɗin .htaccess, wanda sabar ke karanta saitin shafinmu daga cikinsa, ko kuma su yi mana a kan naira dubu 25. Na kai wa Hajiya maganar, ta ce babu wannan a kasafin watan, in gwada tukuna. Na shiga cPanel, wurin da kamfanin ya ba mu don sarrafa shafin, na buɗe ma'ajiyar fayiloli, na yi ta neman .htaccess ban gan shi ba, har sai da na gano cewa duk fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo a ɓoye yake, sai an shiga saiti an ce a nuna ɓoyayyun fayiloli. Abu ɗaya da na yi daidai a ranar shi ne na sauke kwafinsa a kwamfutata kafin in taɓa shi.

Kwafin nan ne ya cece ni. Na tattaro layuka shida daga wurare daban-daban a intanet, na tara su a Word don in gyara, sannan na kwafe su gaba ɗaya na zuba a fayil ɗin da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da ake tsakiyar rajista. Ina latsa ajiye, na sabunta shafin, sai fari fat da rubutu ɗaya: kuskure mai lamba 500. Cikin mintuna kaɗan wayar ofis ta fara ƙara. Hannuna yana rawa na mayar da tsohon fayil, shafin ya dawo. Da na natsu na duba, sai na ga Word ya sauya alamomin zance miƙaƙƙu zuwa lanƙwasassu, manhajar sabarmu mai suna Apache kuwa ba ta gane su, kuma kuskure ɗaya a wannan fayil yana iya durƙusar da shafin baki ɗaya. Tun daga ranar ban sake rubuta irin waɗannan layuka a ko'ina ba sai a Notepad, ban kuma sake yin gwaji da rana ba, sai bayan ƙarfe goma na dare, ko da kuwa hakan yana nufin ƙona fetur a janareta idan an ɗauke wuta.

Na koma ga shawarar Yaya, na fara da huɗu masu sauƙi, kowanne a darensa. X-Content-Type-Options da ƙimar nosniff yana hana burauza yin hasashen irin fayil, don kada wani ya ɗora abu da sunan hoto ta gudanar da shi a matsayin umarni, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye tun da muna karɓar hotuna. X-Frame-Options da ƙimar SAMEORIGIN yana hana wani shafi ya ɗauki namu ya saka a cikin taga, ya lulluɓe shi da maɓallan ƙarya, mutum ya latsa abin da bai yi niyya ba. Ga Referrer-Policy na zaɓi strict-origin-when-cross-origin, domin idan mutum ya bar shafinmu zuwa wani, kada cikakken adireshin inda ya fito ya bi shi. A Permissions-Policy kuma na rufe kyamara da makirfo da neman wurin da mutum yake, tun da ba ma amfani da ko ɗaya. Wasu tsofaffin bayanai suna cewa a ƙara X-XSS-Protection, amma ban sa shi ba, saboda Chrome ya cire abin da wannan kan ke kunnawa tun 2019. Bayan kwana biyu na sake dubawa na tarar da kanun sun ɓace. Ashe na rubuta su ne a tsakanin layin BEGIN WordPress da END WordPress, wurin da WordPress ke sake rubutawa da kansa idan aka taɓa saitin adireshin shafuka. Na mayar da su sama da wannan yanki, suka zauna.

Strict-Transport-Security ne ya fi ba ni wahala, kuma shi ne nake so mai karatu ya fi kula da shi. Aikinsa shi ne ya gaya wa burauza cewa daga yau har tsawon lokaci kaza, kada ta buɗe wannan adireshi sai ta https. Ana rubuta lokacin da daƙiƙa, kuma abin da ake yawan gani a misalai shi ne 31536000, wato shekara guda, tare da kalmar includeSubDomains wadda ke shigar da duk rassan adireshin, wato ƙananan adireshin da ke ƙarƙashin babban, cikin umarnin. Haka na kwafa. Na manta cewa muna da wani tsohon reshe inda akawunmu ke duba bayanan ɗaliban baya, kuma ba a taɓa yi masa satifiket ɗin tsaro ba, wato shaidar da https ke buƙata. Da safe akawun ya same ni ya ce, "Malam, wurin nan ya ƙi buɗewa, kuma maɓallin ci gaba da nake latsawa babu shi." Haka tsarin yake, idan wannan kan yana aiki burauza ba ta ba mutum damar tsallake gargaɗi. Na yi sauri na goge layin, amma babu abin da ya canza a kwamfutarsa, domin umarnin ya riga ya zauna a cikin burauzarsa, kuma zai zauna har shekara. Yaya ya nuna mini hanyoyi uku: a goge shi da hannu a chrome://net-internals a kowace kwamfuta, ko a aika kan da lokaci sifili sannan mutum ya sake ziyartar babban shafin, ko a yi wa reshen satifiket. Na ukun shi ne gyara na gaskiya. Na nema ta cPanel, aka ba mu na Let's Encrypt kyauta, irin wanda ke sabunta kansa, amma sai washegari ya fara aiki, don haka akawu ya yi asarar yini guda. Bayan nan na bi matakan da aka saba ba da shawara: daƙiƙa 300 da farko, sai 604800 wato mako guda, sai wata guda, sannan shekara. Kalmar preload kuwa ban sa ta ba har yau, saboda idan adireshi ya shiga jerin da ake ɗinkewa a cikin burauzoji, fitar da shi yana ɗaukar watanni.

Saura Content-Security-Policy, wanda shi ne mafi amfani kuma mafi cin lokaci. Da shi ne ake lissafa wa burauza wuraren da aka yarda ta ɗauko JavaScript da hotuna da salon haruffa da tagogi, duk abin da ba ya cikin jerin ta ƙi shi. Ko da wani ya yi nasarar cusa mugun rubutu a shafi, wannan kan yana iya hana shi aiki. A daren farko na gwada mafi tsauri, default-src 'self', wato daga shafinmu kaɗai. Haruffanmu suka koma wasu iri, bidiyon YouTube na bikin yaye ɗalibai ya zama baƙin fili, maɓallin biyan kuɗi kuma ko an latsa ba ya motsi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a daidai wannan lokacin manhajar binciken ta ba ni A+ kore shar. Na daɗe ina kallon harafin nan, na gane cewa manhajar ba ta san ko shafin yana aiki ba, abin da ta sani shi ne kanun suna nan. Na cire layin kafin in kwanta.

Hanyar da ta fisshe ni ita ce Content-Security-Policy-Report-Only. Ana rubuta ƙa'idojin kamar yadda ake so, amma burauza ba ta hana komai, sai dai ta rubuta ƙorafi a kan duk abin da da ta hana. Ana ganin ƙorafin idan aka latsa F12 aka shiga ɓangaren Console. Na ɗauki littafin rubutu mai shafi arba'in, na riƙa bin shafukanmu ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta kowane adireshi da ya bayyana da kuma dalilinsa. Haruffa daga Google suke zuwa ta adireshi biyu, bidiyo daga YouTube, tagar biyan kuɗi daga kamfanin da ke karɓar mana kuɗi, ita ma ta adireshi fiye da ɗaya. Na kuma ci karo da wasu adireshi biyu da ban san su ba, da na bi diddigi sai na tarar wani tsohon fulogin ne, wato ƙarin manhaja da ake liƙa wa WordPress, na ƙirga baƙi da aka daina amfani da shi tun kafin in zo, na cire shi. Mako biyu na yi a wannan mataki. Daga ƙarshe na fuskanci abin da duk mai WordPress zai fuskanta: jigon shafin da fulogin da yawa suna rubuta JavaScript a cikin jikin shafi, kuma ba za su yi aiki ba sai an sa 'unsafe-inline', wato izinin gudanar da irin wannan rubutu, wanda ke rage ƙarfin kariyar sosai. Kauce masa yana buƙatar a riƙa liƙa wa kowane rubutu lambar sirri da ke canzawa a kowace ziyara, aikin da ya fi ƙarfin sanina a lokacin. Na amince da shi ba da son raina ba, na ƙarfafa sauran da object-src 'none' da base-uri 'self' da frame-ancestors 'self'. Daren da na kunna ƙa'idar ta gaske, na cike fom da kaina a wata tsohuwar wayar Android, irin wadda yawancin ɗalibanmu ke riƙewa, na biya kuɗin fom da katina har na ga rasit ya shigo.

Sakamakon ƙarshe shi ne A a securityheaders.com, tare da gargaɗin cewa an tsayar da makin a nan saboda 'unsafe-inline', sai kuma B a Observatory. Na buga duka biyun a wani shagon buga takardu da ke kusa da Terminus, na haɗa da shafi guda na bayanin abin da muka yi da abin da ya rage. Hajiya ta tambaye ni dalilin da ya sa ba A+ ba, na gaya mata gaskiya cewa na samu A+ a daren da babu wanda zai iya biyan kuɗi, kuma na fi son masu tallafi su ga matsayinmu na haƙiƙa. Ta sa hannu. Idan aka haɗa lissafi, aikin ya ci kusan mako biyar, kuɗin da aka kashe kuwa na data ne da fetur da Keke Napep da buga takardu.

Da na kira Yaya in yi masa godiya, sai ya ce in rubuta adireshinmu in ƙara /wp-content/uploads/ a ƙarshe. Na yi, sai ga manyan fayiloli a jere shekara bayan shekara, a cikinsu akwai hotunan fasfo na ɗalibai, duk wanda ya san hanyar zai iya buɗewa. Babu ɗaya daga manhajojin biyu da ta ambaci wannan, domin ba aikinsu ba ne. Na rufe jerin da layi ɗaya, Options -Indexes, amma wannan yana ɓoye jerin ne kawai, wanda ya san cikakken sunan fayil zai iya kaiwa gare shi, saboda haka muka sauke hotunan shekarun baya muka goge su daga sabar. A makon ne kuma muka sabunta fulogin da suka tsufa, muka daina amfani da kalmar sirri ɗaya mu uku. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin kare su, kuma a ganina hotunan nan sun fi kusa da jawo mana matsala fiye da duk jajayen layukan da suka tayar mini da hankali a ranar farko.

Wanda zai bi wannan hanya, ya latsa akwatin ɓoye sakamako tun a binciken farko, kuma ya tsaya a kan shafinsa ko wanda aka ba shi izini, musamman idan zai wuce duba kanu zuwa manhajojin da ke ƙwanƙwasa ƙofofin sabar, domin Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga tsarin wani ba da izini ba. Ya tambayi kamfanin ajiyarsa irin sabar da yake kai, saboda Nginx, wata manhajar sabar daban da Apache, ba ta karanta .htaccess, a can da umarnin add_header ake yi a babban tsari. Ya ajiye kwafi kafin kowane canji, ya lissafa duk rassan adireshinsa a takarda kafin ya rubuta includeSubDomains, kuma bayan kowane kai da ya ƙara ya gwada fom da biyan kuɗi da hannunsa kafin ya koma duba maki. Ya kuma duba shafuka fiye da ɗaya, tun da manhajar adireshin da aka ba ta kaɗai take karantawa. Ni yanzu a Litinin ɗin farko ta kowane wata nake duba shafin farko da na rajista da na shiga, in rubuta makin da kwanan wata a littafin nan mai shafi arba'in, kuma duk ranar da aka ce a ƙara sabon fulogin, sai na mayar da ƙa'idar zuwa Report-Only na kwana biyu na ga abin da zai nema.